Tambayoyinku, Amsoshinmu: Isa Hayatu da Shekarunsa 29 a Kujerar CAF

Tun bayan rasuwar Alhaji Isa Hayatu a birnin Paris ranar 8 ga Agusta, 2024, ana gobe zai cika shekara 78 da haihuwa, wasiƙun masu karatu ba su daina zuwa wannan fili ba suna tambaya a kan mutumin da ya shugabanci hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, wato CAF, daga 1988 zuwa 2017. Mun zaɓo wasu daga ciki, mun taƙaita tambayoyin saboda ƙarancin fili, ga kuma amsoshinsu.

Tambaya daga wani mai karatu a Mubi: Shin wane ne Isa Hayatu, ɗan wane gida ne, kuma yaya aka yi ya samu wannan babban muƙami yana da ƙuruciya?

Malam, ai kusan maƙwabcinka ne. An haife shi a Garwa da ke arewacin Kamaru ranar 9 ga Agusta, 1946, garin da ke bakin kogin Binuwai, wanda a da can yana cikin ƙasar Adamawa kafin Turawa su raba iyaka. Bafulatani ne kuma ɗan sarauta, domin mahaifinsa Lamiɗon Garwa ne. Yayansa Sadou Hayatou ya yi firaministan Kamaru daga 1991 zuwa 1992, wani ɗan'uwansa kuma, Alim, ya hau gadon sarautar Garwa. Shi Isa sai ya bi hanyar wasanni. Ya yi fice a gudun mita 400 da mita 800, ya buga wa ƙasarsa ƙwallon kwando, sannan ya zama malamin motsa jiki a makaranta. A 1974, yana da shekara 28, aka naɗa shi babban sakataren hukumar ƙwallon ƙafa ta Kamaru, daga baya kuma ya zama shugabanta. Da Yidnekatchew Tessema na Habasha, wanda ya daɗe yana riƙe da CAF, ya rasu a watan Agustan 1987, sai aka yi zaɓe a Kasablanka ta Maroko a watan Maris na 1988, Hayatu ya lashe yana da shekara 41. Duk wanda ya san yadda ake tarbiyya a gidan sarauta zai gane abubuwa da dama a salon mulkinsa: ƙarancin magana, riƙe amanar waɗanda suka yi masa mubaya'a, da kuma ƙin yarda a ja da umarninsa a bainar jama'a.

Tambaya daga wani mai gidan kallon ƙwallo a Kano: Kullum abin da muke ji a kansa zargi ne. Akwai wani abin a zo a gani da ya yi wa ƙwallon Afirka kuwa?

Akwai, kuma da yawa, har ma kai da kake cin abinci da nuna wasanni kana cikin waɗanda suka amfana. Lokacin da ya karɓi CAF, ƙasashe 8 ne kacal ke zuwa gasar cin kofin nahiyar Afirka. A 1992 a Sanagal aka ƙara su zuwa 12, sannan a 1996 aka mayar da tsarin na ƙasashe 16. Gurbin Afirka a gasar cin kofin duniya 2 ne a 1990, shekarar da Kamaru ta doke Ajantina a wasan farko ta kuma kai zagayen kusa da na kusa da na ƙarshe. Hayatu ya yi amfani da wannan nasara ya matsa wa FIFA lamba, gurbin ya koma 3 a 1994, ya kuma koma 5 a 1998. A hannunsa aka sauya fasalin gasar zakarun kulob-kulob ta Afirka a 1997 aka sa mata rukuni-rukuni da kuɗin lada, gasar da Enyimba ta Aba ta ci sau biyu a jere a 2003 da 2004, wadda kuma Kano Pillars ta kai wasan kusa da na ƙarshe a cikinta a 2009 bayan ta fitar da Al Ahly ta Masar. A zamaninsa aka ƙirƙiro kofin Confederation a 2004, da gasar CHAN ta 'yan wasan da ke buga ƙwallo a gida a 2009, aka kuma ba gasannin mata da na matasa muhimmanci.

Abin da na fi yaba masa da shi shi ne tsayuwar da ya yi a gaban manyan kulob-kulob na Turai. Shekara da shekaru suna ƙorafi cewa gasar Afirka da ake yi a Janairu da Fabrairu tana ɗauke musu 'yan wasa a tsakiyar kaka, suna neman a mayar da ita tsakiyar shekara ko a riƙa yin ta bayan shekara huɗu-huɗu. Hayatu ya ƙi, bisa hujjar cewa watan Yuni damina ce a yawancin Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, kuma gasar ce babbar hanyar samun kuɗin hukumar da gina filayen wasa a ƙasashe. Haka nan yana cikin waɗanda suka dage sai an kawo gasar cin kofin duniya Afirka. Bayan Jamus ta kayar da Afirka ta Kudu da ƙuri'a 12 da 11 a zaɓen mai masaukin baƙi na 2006, FIFA ta amince da karɓa-karɓa tsakanin nahiyoyi, wanda hakan ne ya kai ga gasar 2010 a Afirka ta Kudu.

Tambaya daga wani tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa a Kaduna: Mu da muka ga wasan ƙarshe na 2000 a Legas mun yi imani Hayatu ne ya sa aka zalunci Nijeriya don ƙasarsa ta ci kofi. Gaskiya ne ba ya son Nijeriya?

Baba, ciwon da kake ji ni ma na ji shi, domin ban manta da wannan yammaci na 13 ga Fabrairu, 2000 ba. Samuel Eto'o da Patrick Mboma suka fara ci wa Kamaru, Raphael Chukwu ya rage, Jay-Jay Okocha ya farke da wani bugu daga nesa, aka tashi 2 da 2, aka je bugun fenariti. Victor Ikpeba ya buga, ƙwallo ta daki ƙarfen sama ta faɗo bayan layi ta dawo waje, shi kuma ya ɗora hannu biyu a ka kamar wanda ya zubar, alƙalin wasa Mourad Daami na Tunisiya ya ce ba ta shiga ba. Da talabijin ta maimaita hoton kowa ya ga ta haye layi. Rigobert Song ya buga ta ƙarshe, Kamaru ta ɗauki kofi da ci 4 da 3. Kafin nan ma akwai tabon 1988 a Kasablanka, inda aka soke ƙwallon da Henry Nwosu ya ci da ka, Kamaru ta yi nasara da ci ɗaya mai ban haushi, 'yan kwanaki kaɗan bayan an zaɓi Hayatu.

To amma zato daban, hujja daban. Kuskuren alƙalin wasa tabbatacce ne, sai dai babu wani bincike ko shaida da ta nuna an ba shi umarni daga sama, kuma a wancan lokaci babu na'urar tantance shigar ƙwallo raga. Dakatar da Nijeriya daga gasar 1998 kuwa laifinmu ne. Gwamnatin Janar Sani Abacha ce ta hana Super Eagles zuwa Afirka ta Kudu kare kambinsu a 1996, sakamakon takun-saƙar da ta shiga da Nelson Mandela bayan rataye Ken Saro-Wiwa da abokan fafutukarsa takwas a Nuwamban 1995, CAF kuma ta zartar da abin da dokarta ta tanada. Sannan a tuna cewa ita dai wannan CAF ɗin ce ta karɓe gasar 2000 daga hannun Zimbabuwe ta ba Nijeriya da Gana, kuma ɗaya daga cikin makusantan Hayatu a kwamitin zartarwa shi ne Dakta Amos Adamu, ɗan Nijeriya.

Tambaya daga wata malamar makaranta a Maraɗi: Na ji an ce ya hukunta ƙasar Togo bayan an kashe mata mutane. Ta yaya mai imani zai yi haka?

Malama, wannan tambaya taki ta taɓo wurin da ni kaina nake ganin shi ne babban tabon da ke jikin tarihinsa, fiye da duk maganganun kuɗi. Ranar 8 ga Janairu, 2010, kwana biyu kafin a fara gasar Afirka a Angola, motar da ke ɗauke da tawagar Togo ta tsallaka iyaka daga Kwango ta shiga yankin Cabinda, sai 'yan awaren ƙungiyar FLEC suka buɗe mata wuta. Mataimakin mai horarwa Amélété Abalo da jami'in yaɗa labarai Stanislas Ocloo suka mutu. Mai tsaron gida Kodjovi Obilalé ya samu raunin da ya raba shi da ƙwallo har abada. Duniya ta ga hoton kyaftin Emmanuel Adebayor a gigice, ana rirriƙe da shi a ƙofar asibiti. Gwamnatin Togo ta ayyana zaman makoki na kwana uku, ta aika jirgi ya kwaso 'ya'yanta.

Ranar 30 ga watan, ana gobe wasan ƙarshe, CAF ta sanar da cewa ta haramta wa Togo shiga gasa biyu masu zuwa, ta kuma ci ta tarar dala 50,000. Hujjarta ita ce 'yan wasan sun nuna suna son su tsaya su buga, gwamnati ce ta tilasta musu komawa gida, kuma dokar hukumar ta hana gwamnati tsoma baki a harkar ƙwallo. Dokar tana nan a rubuce, ba a musu, kuma an yi ta ne don kare ƙwallo daga irin abin da ya faru da Nijeriya a 1996. Amma a ce shugaban ƙasar da aka kashe wa mutane biyu a hanyarsu ta zuwa wasa ya ce sauran su dawo gida a yi jana'iza, sannan a lissafa wannan a matsayin katsalandan, to an karanta harafin doka an bar manufarta. Mutumin da ya tashi a gidan da ake zaman ta'aziyya kwana da kwanaki ya fi kowa sanin cewa ba a yi wa mai makoki shari'a. CAF ta kuma kafa hujja da cewa an shawarci ƙasashe su zo ta jirgin sama, Togo ta zaɓi mota, alhali ita ce ta amince a buga wasanni a yankin da ta san akwai masu ɗauke da makamai. Togo ta kai ƙara kotun wasanni ta duniya da ke Lausanne, shugaban FIFA na lokacin Sepp Blatter ya shiga tsakani, aka janye hukuncin a watan Mayu na wannan shekara. An janye, amma ɗacin bai bar bakin mutanen Lome ba.

Tambaya daga wani ɗalibin jami'a a Zariya: Ya ci hanci ko bai ci ba? Ina son amsa kai tsaye.

Ɗana, amsar da zan iya tsayawa a kanta ita ce an zarge shi sau da dama, an tabbatar ya karɓi kuɗi sau ɗaya, amma babu kotun da ta taɓa kama shi da laifin cin hanci. Bari in rarrabe maka su, domin yawanci haɗa su ake yi wuri guda.

Na farko shi ne batun ISL, kamfanin tallace-tallacen wasanni na Suwizalan da ya durƙushe a 2001, wanda aka gano yana ba manyan jami'ai na goro don ya samu kwangila. A Nuwamban 2010 shirin Panorama na BBC, ta bakin ɗan jarida Andrew Jennings, ya nuna takardar da ke ɗauke da sunan Hayatu da kuɗin Faransa faran 100,000 da aka ba shi a 1995. Bai musa karɓa ba. Ya ce gudummawa ce ga bikin cikar CAF shekara 40 da aka yi a 1997. Kwamitin Olamfik na Duniya, wanda yake mamba a cikinsa tun 2001, ya bincika ya kuma tsawatar masa a Disamban 2011, saboda karɓar kuɗi hannu da hannu daga kamfanin da ke neman kwangila wurinka saɓa ƙa'ida ne ko da me aka yi da su. Idan aka kwatanta da miliyoyin da tsohon shugaban FIFA João Havelange da Ricardo Teixeira na hukumar ƙwallon Brazil suka karɓa daga wannan kamfani, nasa bai taka kara ya karya ba, sai dai ƙanƙantar kuɗi ba ta wanke hanyar da suka biyo.

Na biyu shi ne batun Katar. A Mayun 2011 jaridar Sunday Times ta miƙa wa wani kwamitin majalisar dokokin Birtaniya bayanin da ke zargin cewa an ba shi da Jacques Anouma na Kwaddibuwa dala miliyan 1.5 kowannensu don su zaɓi Katar ta karɓi baƙuncin gasar 2022. Su biyun sun musanta, Katar ma ta musanta. Matar da ta fallasa maganar, Phaedra Almajid, tsohuwar ma'aikaciyar kwamitin neman gasar, ta janye zarginta a Yulin wannan shekara, daga baya kuma ta ce matsin lamba ne ya sa ta janye. Abin da ba a gardama a kansa shi ne Katar ta ɗauki nauyin babban taron CAF na Luwanda a Janairun 2010 da dala miliyan 1.8, wanda ya ba ta damar ita kaɗai ta gabatar da buƙatarta ga wakilan Afirka. Wannan bai saɓa doka ba a lokacin, amma a ganina bai dace da shugaban da ke da ƙuri'a a zaɓen ba. A wannan badaƙala ce FIFA ta dakatar da Amos Adamu na shekara uku, bayan 'yan jarida sun ɓad da kama sun ɗauke shi a bidiyo yana maganar dala 800,000 na gina filayen wasa. Sannan a lura cewa lokacin da jami'an Suwizalan suka kai samame otal ɗin Baur au Lac na Zurik ranar 27 ga Mayu, 2015 bisa buƙatar Amurka suka kwashe manyan jami'an FIFA, babu sunan Hayatu a cikin waɗanda aka tuhuma, a lokacin ko daga baya.

Tambaya daga wani mai karatu a Kumasi: Da gaske ne ya taɓa shugabantar FIFA?

Ƙwarai, amma riƙon ƙwarya. A 2002 ya tsaya takara da Blatter a birnin Seoul, da goyon bayan shugabannin hukumar ƙwallon ƙafa ta Turai, ya sha kaye da ƙuri'a 139 da 56, domin ƙasashen Afirka da dama sun bi Blatter saboda kuɗin raya ƙwallo da yake turo musu. Da aka dakatar da Blatter ranar 8 ga Oktoba, 2015, sai kujerar ta faɗo kansa a matsayinsa na mataimaki mafi daɗewa. Ya riƙe ta, duk da dashen ƙoda da aka yi masa a cikin wannan lokaci, har zuwa 26 ga Fabrairu, 2016 da aka zaɓi Gianni Infantino.

Tambaya daga wani ɗan kasuwa a Gombe: Mutumin da ya yi wannan ƙarfi, me ya kayar da shi?

Alhaji, tazarce ne ya kayar da shi, da kuma toshe ƙofar da ya yi wa duk mai sha'awar kujerar. A Satumban 2012, a taron da aka yi a tsibirin Seychelles, aka sauya doka aka ce sai mamba mai ƙuri'a a kwamitin zartarwa ne kaɗai zai iya tsayawa takarar shugabanci, abin da ya fitar da Anouma daga fage, Hayatu ya wuce ba hamayya a Marrakesh a 2013. A Afrilun 2015 aka soke dokar da ta hana wanda ya haura shekara 70 tsayawa, a daidai lokacin da yake dab da cika 69. A wannan shekarar ma kotun wasanni ta rushe hukuncin da CAF ta yanke wa Maroko na hana ta gasa biyu, saboda ta ƙi karɓar baƙuncin gasar 2015 a lokacin annobar Ebola. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan matakai ya ƙara masa maƙiya a ɓoye, ko da yake a fili kowa na ta yi masa fadanci.

Sai kuma kwangilar kamfanin Lagardère na Faransa, wadda ta miƙa masa haƙƙin nuna wasannin CAF da tallace-tallacensu daga 2017 zuwa 2028 a kan dala biliyan 1. Kuɗi ne da hukumar ba ta taɓa ganin irinsu ba, amma an ƙulla yarjejeniyar ba tare da an buɗe wa sauran kamfanoni ƙofar gasa ba, kuma shekara 12 lokaci ne mai tsawo a kasuwar da farashinta ke tashi kullum. Da yake hedikwatar CAF a Alƙahira take, hukumar kula da gasar kasuwanci ta Masar ta miƙa batun ga masu gabatar da ƙara a Janairun 2017, wata biyu kafin zaɓe. A siyasar FIFA ma ya yi zaɓen tumun dare, domin CAF ta mara wa Sheikh Salman na Bahrain baya a 2016, Infantino ya ci. Ƙasashen kudancin Afirka suka fito da Ahmad Ahmad na Madagaska, Amaju Pinnick na Nijeriya ya fito fili ya goya masa baya, kuma ranar 16 ga Maris, 2017 a Addis Ababa, Ahmad ya samu ƙuri'a 34, Hayatu 20.

Maganar Lagardère ta bi shi har bayan saukarsa. A Nuwamban 2018 wata kotun tattalin arziki a Alƙahira ta ci shi tarar fam miliyan 500 na Masar, shi da tsohon babban sakatarensa Hicham El Amrani kowannensu, bisa laifin saɓa dokar gasar kasuwanci. CAF ta soke kwangilar a 2019. A Agustan 2021 FIFA ta dakatar da shi na shekara ɗaya a kan wannan batu, amma a Fabrairun 2022 kotun wasanni ta soke dakatarwar saboda rashin isasshiyar hujja. Shi kuwa Ahmad da ya zo da alƙawarin gyara, FIFA ta dakatar da shi a Nuwamban 2020 kan almundahana, kafin ya kammala wa'adinsa na farko.

Tambaya daga wata mai karatu a Yola: Mutanen Garwa fa, yaya suka ɗauke shi?

Hajiya, ɗansu ne kuma abin alfaharinsu. Yana kan kujera a 2014 aka ba Kamaru baƙuncin gasar kofin Afirka ta 2019, wadda magajinsa ya ƙwace ya ba Masar saboda jinkirin shirye-shirye, sai a farkon 2022 Kamaru ta samu ta yi tata. Filin wasa na Roumdé Adjia da ke Garwa na cikin waɗanda aka gyara domin gasar, kuma a can aka ajiye rukunin Nijeriya. Idan kina tunawa, mutanen garin sun rungumi Super Eagles kamar nasu, 'yan kallo suka yi ta tsallakowa daga Adamawa, Nijeriya ta doke Masar da Sudan da Gini Bisau, kafin Tunisiya ta fitar da ita da ci 1 da nema a wannan fili. Hayatu ya ga wannan gasa da ransa, yana riƙe da muƙamin shugaban girmamawa na CAF da aka ba shi a 2021. Da ya rasu a Paris ana tsakiyar wasannin Olamfik, an kawo gawarsa gida, aka yi masa sutura a Garwa. Allah Ya jiƙansa da rahama.